Daren da injin babur ya buga a hanyar Wudil

Babur ɗin nawa ne, Bajaj Boxer, amma ƙanena ne ke hawansa tun da na samu 'yar mota. Shi ke kai wa abokan cinikinmu kaya, shi ke zuwa karɓo bashi. Abin ya faru ne wata ranar Juma'a da na aike shi Wudil. Na ga ya dace in rubuta shi dalla-dalla saboda tsakanin La'asar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare an taɓa kusan duk dabarun da muke da su a ƙasar nan na ɗauke mataccen babur daga kan hanya, sai dai an bi su a birkice. Wadda ya kamata a fara da ita, ita aka koma wa bayan an zubar da jini.

Daga Kano zuwa Wudil tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, a kan babban titin da ya miƙe har Maiduguri. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma wanda ya san kasuwar shanun garin ya san yadda titin ke zama da yamma: manyan motoci shaƙe da shanu, ƙananan motocin 'yan kasuwa, kowa na sauri ya isa kafin duhu. Ƙanena ya baro garin bayan ya yi sallar La'asar. Ya yi kamar sulusin tafiyar sai ya ji babur ɗin yana ja da baya, yana murɗa mai amma ba ya amsawa. Sai wani ƙauri, sai ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, sai tayar baya ta fara turjewa. Allah ya sa hannunsa ya kai kan kuloci, ya matse, babur ɗin ya gangara da shi gefen hanya. Wannan matse kulocin shi ne abu na farko da ya yi daidai a ranar, don da tayar ta cije gaba ɗaya yana cikin gudu, da labarin ya ƙare tun a nan.

Ya duba tanki, akwai mai. Ya zare fulogi ya goge ya mayar. Da ya zo buga kik sai ya ji shi kamar ya taka dutse, ko motsi ba ya yi. A nan ya kira ni.

"Yaya, mashin ya mutu, kuma kik ɗin ya ƙi sauka."

"Ka duba baƙin mai?"

Ya yi shiru. Na ji yana kwance murfin. Ya ce sandar gejin ta fito a bushe.

Mun san da yoyon. Watanni ana ganin ɗigon baƙin mai a inda yake kwana, muna cewa sai an samu sarari a kai wa bakanike ya canja gasket. Injin irin wannan babur kusan lita ɗaya kawai yake sha, saboda haka ɗigon da ake rainawa ba ya daɗewa yake ƙarar da shi. Idan man ya ƙare, fistin ya yi zafi ya kumbura, sai ya maƙale a cikin bulo. Abin da bakanikai ke cewa inji ya buga ke nan.

Na tsaya a kan wannan ne don irin mutuwar da babur ya yi ita ke faɗa maka abin da za ka nema. Idan mai ne ya ƙare, ɗan bumburutu da gora ɗaya ya isa. Idan faci ne, ka tura a hankali zuwa wurin mai faci, ko ka kwance tayar ka hau wani babur ka kai ta. Fulogi, wayar kuloci da ta tsinke, sarƙar da ta zame, duk bakaniken bakin hanya zai gama da su kana tsaye. Amma kik da ya ƙi sauka yana nufin sai an buɗe inji, an nemo fistin da ringi, wataƙila har da bulo. Ba aikin daren nan ba ne. Daga wannan lokacin tambayar ta tashi daga yadda za a tayar da babur, ta koma inda zai kwana da kuma yadda za a kai shi can. Mu kuwa muka ci gaba da yin kamar tambayar farko muke amsawa.

Yana tsaye sai ga wani bawan Allah a kan babur, da buhu ɗaure a baya, ya tsaya ya yi masa sannu. Ya ce akwai bakanike a ƙauyen da ke gaba, bai kai kilomita biyu ba. "Hau ka sa shi a firi, in tura ka."

Wanda bai saba gani ba zai ɗauka ganganci ne, amma turi da ƙafa yana da hikimarsa. Mai mataccen babur yana bin gefen titi. Mai turi yana ɗan bayansa ta hagu, ya miƙe ƙafar dama ya ɗora a kan matakin da fasinja ke sa ƙafa, ya ja mai a hankali. Ƙafarsa ta hagu na nan a kan giya, sai dai ya rasa birkin baya, tunda ƙafar da ke taka shi ce ke aikin turi. Don haka ba a gudu, kuma ba a yin nisa, cinya ba za ta jure ba. Babban amfaninsa shi ne babu abin da ya haɗa baburan biyu. Da an ga rami ko mota ta matso, mai turi ya janye ƙafa, kowa ya ji da kansa. Haka suka isa ƙauyen lafiya. Mutumin ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya wuce.

Bakaniken yana haɗa kayansa za shi gida. Ya taka kik sau ɗaya, ya girgiza kai. Ya ce ba shi da kayan, sai an sayo daga Kano. Ya ba da shawara biyu. Ko a bar babur ɗin a rumfarsa, yana da ɗakin da yake kulle na mutane, ko kuma a kai shi zauren wani dattijo da ke kusa da masallaci, wanda matafiya suka saba ba wa ajiya. Dattijon ma yana zaune a wurin a kan tabarma. Ƙanena ya ce har cewa dattijon ya yi, "Ɗana, shigar da shi zaure ka hau mota ka tafi gida. Ko wata zai yi, yadda ka bar shi haka za ka same shi."

A nan laifina ya shigo. Da ya kira ni ya faɗa mini, abin da na ce shi ne, "Kada ka kuskura ka bar mini babur a hannun wanda ba mu sani ba." Ina tunanin satar babura da ta yi yawa, ina tunanin labaran da ake bayarwa na musanya kafireto ko taya mai kyau da tsohuwa. Tsoron ba na banza ba ne, ana yi. Amma ban tsaya na auna ba. Bakaniken da ke da rumfa a bakin titi, kowa a ƙauyen ya san shi, ba inda zai gudu. Dattijon da ya yi tayi a gaban jama'a ya sa mutuncinsa ne a kai. Da na ce ƙanena ya ɗauki hoton babur ɗin ta kowane ɓangare da wayarsa, ya rubuta lambar inji, ya karɓi lambar wayar bakaniken, ya kulle kai ya zare mukulli, da an rufe kusan duk ƙofar da nake jin tsoro. Ina zaune a shago a Kano na yanke hukunci a kan mutanen da ban taɓa gani ba.

Sai maganar ɗauka a mota. Kafin Magariba motocin a-kori-kura na ta wucewa daga kasuwa, wasu da sarari a baya. Ƙanena ya tsayar da ɗaya. Direban ya faɗi kuɗi, ƙanena ya ga ya yi yawa, ya taya rabi, direban ya ja motarsa. Ya tsayar da ta biyu, ita ma aka rabu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da bai lura da shi ba, motar da ke kan hanyarta ta komawa Kano ita ce mafi araha da zai samu a ranar, don ko da shi ko babu shi za ta ƙona man. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk direban da ka kira ya taso musamman dominka sai ya lissafa maka zuwa da dawowa. Kuma da duhu ya yi, masu sarari suka ƙare, sauran ba sa tsayawa.

Wani zai ce me ya hana a kira hukuma. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122, ga kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya. Suna da amfani, kuma ya kamata kowane mai abin hawa ya haddace su. Amma aikinsu ceton waɗanda suka yi haɗari ne da janye abin da ya tare hanya. Babur da ke jingine a gefen titi, mai shi lafiya lau, ba ya cikin wannan. Motar janwe kuwa an ƙera ta ne don mota, kuɗin kiranta kaɗai zai iya sayen kayan gyaran injin. Inshorar da doka ta wajabta, wadda tun farkon 2023 kuɗinta ya koma naira 3,000 a shekara ga babur, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta san da naka babur ba balle ɗaukarsa. A wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyin da mutum ke biyan kuɗin shekara, in abin hawansa ya mutu ya kira su zo: AA a Ingila tun 1905, AAA a Amurka tun 1902. Ta Jamus, ADAC, da aka kafa ta a 1903 ma ƙungiyar masu babura ce kafin ta zama ta masu motoci. Mai Boxer a hanyar Wudil ba shi da wannan. Abin da yake da shi mutumin da ya tura shi da ƙafa, da bakanike, da dattijo mai zaure, da direban a-kori-kura. Duka huɗun sun zo masa kafin rana ta faɗi. Ɗaya ya karɓa, uku muka kora.

Da ya ga dare na yi, sai ya kira wani abokinsa da ke Hotoro. Abokin ya ce, "Mutumina, kwantar da hankalinka, ga ni nan da igiya." Ni ban san da wannan shiri ba sai daga baya. Ina can ina neman wanda zai ara mini mota mai buɗaɗɗen baya.

Abokin ya iso bayan Isha'i da igiyar leda irin ta ɗaure kaya, wadda bayan an ƙulla ta ba ta fi taku uku ba. Ya ɗaure bakinta ɗaya a kariyar babur ɗinsa, ɗaya bakin kuma a hannun babur ɗinmu na hagu, kusa da madubi, ƙulli biyu-biyu don kada ta kwance. Bakaniken da ya dawo daga masallaci ya gan su, ya ce, "Samari, wannan ɗaurin ba na mai son kai gida ba ne." Suka ce a hankali za su tafi.

Kura-kurai huɗu ne a wannan ɗauri, kuma kowanne shi kaɗai ya isa. Igiyar ta yi gajarta, na baya ba shi da tazarar da zai taka birki in na gaba ya rage gudu. An ɗaure ta a gefe ɗaya na kan babur, saboda haka duk fizgar da aka yi, kan ne ke juyawa gefe, ba babur ɗin ke tafiya gaba ba. An ƙulle ta tamau a ɓangarorin biyu. Masu jan babur da suka san aikin ba sa ƙullewa a wajen wanda ake ja. Sukan naɗa igiyar sau ɗaya a tsakiyar kan babur, su kawo jelar kan mariƙin hagu, mahayin ya danne ta da tafin hannunsa. Da ya ga abin da bai gane ba sai ya buɗe hannu, igiyar ta zame, ya rabu da na gaba. Wasu kuma daga mataki zuwa mataki suke yi, mahayin ya take jelar da ƙafa. Ko ta wace hanya, ana barin wa na baya ikon sakin kansa.

Na huɗun shi ne wanda ba su ma yi tunaninsa ba. Fitilar wannan babur daga inji take samun wuta. Inji ya mutu, babu fitilar gaba, babu ta baya. Wato a kan titin da manyan motoci ke gudu cikin dare, akwai wani baƙin abu mara haske yana bin bayan babur mai fitila, direban da ke tahowa daga baya ba zai san da shi ba sai ya zo dab. Shi kansa ƙanena ba ya ganin ƙasan da tayarsa ke takawa, jar fitilar abokinsa kawai yake bi.

Duk da haka sun yi 'yan kilomitoci. Jan babur da igiya aikin na baya ne fiye da na gaba: shi zai riƙa ɗan taɓa birki don igiyar ta zauna a miƙe koyaushe, shi zai fara tsayawa kafin na gaba. Ƙanena bai taɓa yi ba. Suna tafiya sai abokin ya hango rami, ya taka birki ba zato. Igiyar ta saki ta faɗi ƙasa, tayar gaban babur ɗinmu ta hau kanta. A daidai lokacin wata babbar mota ta danno ham daga baya, abokin ya firgita ya murɗa mai. Igiyar ta miƙe da ƙarfi ta fizge kan babur ɗin gefe. Ƙanena ya faɗi ta ɓangaren titi. Nauyin babur ɗin, wanda ya haura kilo 100, ya ja bayan na abokin, shi ma ya kife. Direban babbar motar ya kauce ya koma ɗaya hannun, kuma da akwai wata motar a gefensa a lokacin, da ba wannan rubutun nake yi ba.

Babu wanda ke da hular kwano a cikinsu. Tun 2009 aka fara tilasta sa ta, amma kowa ya san inda dokar ta kwana. Allah ya kiyaye kawunansu. Ƙanena ya samu tsagewar ƙashi a wuyan hannu da ƙujewa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Abokin ya ƙuje a gwiwa, fitilar babur ɗinsa ta fashe, hannun birki ya karye. A lokacin da ya halatta a kira 122 kuwa, ba wanda ya tuna da ita. Mutanen da ke shan shayi a bakin hanya ne suka rugo suka janye su da baburan daga kan kwalta, suka yanke igiyar da wuƙar mai shayi, don ƙullin ya ƙi kwancewa.

Na iso wurin wajen ƙarfe goma da a-kori-kurar wani maƙwabcinmu, wadda na biya kuɗinta zuwa da dawowa, ninkin abin da direban farko ya nema da yamma har da ɗoriya. Kuma yanzu babura biyu za a ɗauka.

Direban ya san aikinsa, na tsaya na kalli yadda ya yi. Ya fara rufe makunnin mai na kowanne. Mutum huɗu suka ɗaga, aka tsayar da su a tsaye, tayar gaba ta tokare da allon bayan direba. Ya sa su a giya don kada su gangara. Ya ɗaure kowane hannu da igiya zuwa ƙarfen gefen mota, ya ja har gaban babur ɗin ya ɗan duƙa, sannan ya ɗaure baya. Na tambaye shi me ya sa ba za a kwantar da su ba, ya fi sauƙi. Ya ce, "Alhaji, in ka kwantar, fetur zai tsiyaye ta kafireto da murfin tanki, baƙin mai ya gangara inda bai kamata ba, ruwan batir ya zube. Ga mai shan sigari a ko'ina." Wannan ita ce matsalar ɗaukar babur a adaidaita sahu, wanda shi aka fi yi a cikin gari tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita ta cika tituna: sai an karkata shi a cusa, taya ɗaya a waje. Don gajeriyar tafiya zuwa garejin unguwa yana yi. Kurkura mai ɗaukar kaya ta fi shi, tunda bayanta a buɗe yake, ana iya tsayar da babur a ɗaure.

Kafin mu shiga Mariri aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya haska bayan mota, ya ga babura biyu da ƙarfe goma sha ɗayan dare, ya ce ina takardu. Ban ga laifinsa ba, haka ɓarayi ke safarar su. Ina da hoton rasit da takardar rajista a wayata, ya gwada lambar inji da fitila ya ga ta yi daidai. Abokin ƙanena ba shi da komai a tare da shi. Sai da aka tashi yayansa daga barci ya turo hoton takardun ta WhatsApp, muna tsaye, ƙanena na riƙe da hannu yana cije leɓe. Daga nan muka wuce asibiti.

Da na zauna na yi lissafi bayan kwana biyu, gyaran injin, wato fistin da ringi da gyaran bulo da gasket da kuɗin aiki, shi ne abin da ba makawa sai an biya tun daga lokacin da kik ya ƙi sauka. Duk sauran mu muka jawo: kuɗin mota ninki, hoton ƙashi da ɗauri da magani, madubi da hannun kuloci da tankin da ya loɓa a faɗuwar, da makonni shida da ƙanena ya yi ba ya hawa babur, ni kuma ina biyan ɗan adaidaita yana kai kaya. Garin neman gira aka rasa ido, in ji mahaifiyarmu, kuma ni ta kalla da ta faɗa, ba shi ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne maganar babur ɗin abokin. Shi bai nemi komai ba, ya ce taimako ya zo yi, ƙaddara ta faɗa. Yayansa kuwa ya aiko cewa a gyara masa, tunda a hidimarmu ya lalace. Wani daga cikin 'yan shagonmu ya ce ai shi ya kawo igiyar, shi ya ƙulla, shi ya murɗa mai, in ana bin gaskiya shi ya kamata ya biya kuɗin asibiti. Ban bi wannan ba. Mutumin da ya baro gidansa da dare ya yi tafiyar kilomita ashirin da wani abu don abokinsa, ba a kai masa takardar bashi. Na saya masa fitila da hannun birki, na biya bakanike. Yayan ya ce saura fentin da ya goge, na ce wannan kam sai dai a yi haƙuri.

Bayan an kwance wa ƙanena ɗauri, wata Juma'ar muka bi ta ƙauyen a mota, na tsaya da goro da ɗan turare. Bakaniken na ƙarƙashin rumfarsa, na karɓi lambarsa na ajiye. Dattijon ya gane ƙanena tun daga nesa, ya kama hannun ya jujjuya yana tambayar ko ya warke sarai. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zauren. A jikin bango akwai wani babur ja an lulluɓe shi da buhu, ƙura ta hau sirdinsa. Na tambaya na wane ne. Ya ce na wani mutumin Gaya ne, sarƙarsa ta tsinke ta fasa murfin inji, yau kwana tara ke nan, ya ce sai ya sayar da wake zai zo ya ɗauka.